Mai yi muna lissafin taurari ya rasu

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Ila, manomi daga karkarar Dogarawa.

Baffana ne ke lissafin taurari ya faɗa muna lokacin shibka. Bara ya rasu. Bana ruwan fari na sauka muka zuba iri. Matarshi ta ce, "Ila, ku dakata, tauraron da Malam ke jira bai fito ba." Muka yi mata dariya. Kwana ashirin ba ɗigo, hatsi ya ƙone ƙurmus.

Gwamnati, ku sa ɗiyanmu lakwal, wato makaranta, su koyi ilimin sama, ko shekara nawa za ya ɗauka. Tsoho guda ya rage muna da ya sani, shi ma idonshi ya fara mutuwa. Jama'a, baɗi wa za mu tambaya?