Famfo Goma Sha Biyu da Katan ɗin Madara

Mai girma shugaban taro, Baba Rufus. Mai girma wakilin Hakimi. Rabaran da dattawan ikkilisiya. Malamin gona da ya taso tun daga Kafanchan. Iyayenmu mata 'yan zumunta. 'Yan'uwana manoman citta da masara na Kagoro da kewaye, ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangiji.

Ni ne Meshak, wanda kuka naɗa Sarkin Feshi ɗazu. Ku yi haƙuri da kuka ga matata Afiniki ce ke riƙe mini makirufo. Ba sarautar ce ta hau mini kai ba. In na riƙe da kaina, sai ku ɗauka ganga ake kaɗawa.

Ina godiya da wannan lambar yabo. Katako ne mai kyau, mai nauyi, har sunana an rubuta daidai. Shekara ashirin da biyu ina goye da famfon feshin maganin ƙwari a gonakinku, yau ƙungiyarmu ta manoma ta tuna da ni, ta ba ni abin da ba zan iya ɗagawa ba.

An ce in koya wa mutum goma sha biyun da za a raba wa sababbin famfuna sirrin sana'a. To, ku buɗe kunne.

Na farko, in bakin famfo ya toshe, kada ku ɓata lokaci neman tsinke. Ku sa a baki ku busa, yadda na riƙa yi. Goro ɗaya yana kashe ɗacin. Na biyu, kada ku sa takunkumi ko safar hannu, kar 'yan gindin mangwaro su ce kun zama likitoci. Singileti da silifas sun ishi namiji. In famfo yana yoyo a gadon bayanka, ka gode wa Allah, sanyi ka samu kyauta a tsakar rana.

Na uku, kuma shi ne babba: madara. Kowa a nan ya sani, in ka gama feshi ka huda gwangwani ka shanye, ko ka lashi manja cokali biyu, shi ke nan guba ta wanku. Ba a makaranta muka samo wannan ilimi ba, mu muka gano abinmu, kuma na ga ƙungiya ta girmama shi. Ga katan ɗin madara can kusa da famfunan. Takunkumi kuwa ban ga ko ɗaya ba, na leƙa har ƙarƙashin tebur.

Ni na sha madarar da za ta raini maruƙa uku, kuma ban taɓa faɗuwa a gona ba. Ciwon kai, jiri, yawu yana zuba, amma washegari sai in miƙe. Ashe maganin ƙwari ya fi mu haƙuri. Shekara huɗu da suka wuce yatsuna suka fara mutuwa kamar na kwana a kansu. Sai rawar hannu. Sai tafin ƙafa, har silifas ya fita ban sani ba. Sai mantuwa: ni da nake ja wa mawaƙan coci baiti, na tsaya tsakiyar waƙa ina kallon rufi. Ranar jibin Ubangiji a coci na kifar da ƙoƙon ruwan inabi a rigar Rabaran. Ga shi nan zaune, bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Da aka kai ni asibiti a Kafanchan, na yi wa likita alfahari cewa ban taɓa fashin madara ba. Ta dube ni ta ce, "Baba, madara ciki ta tafi. Maganin kuwa ya bi fata da huhu ya kama jijiya. Ko a hanya ba su haɗu ba." Na tambaye ta yaushe zan warke, ta ce za a rage rawar, amma abin da ya lalace ba zai dawo ba. Na yi kuka a mota har Kagoro, ba na jin kunyar faɗa.

Ba'a ta ƙare a nan. Cikin goma sha biyun nan akwai ɗana Asher, wanda ya yi aure Kirsimetin bara. Ni na koya masa busa bakin famfo, ina ta murna ya gaje ni. Asher, kai ka sa mini maɓallan rigar nan da safe, ka ga yadda na yi ta fama da na farko. Ba na so amaryarka ta koyi riƙe makirufo.

Mai girma shugaba, roƙona ɗaya ne. A ba iyayenmu mata madarar nan su yi mana shayi. Kada famfo ko ɗaya ya bar teburin nan sai da takunkumi, da safar hannu, da takalmin roba a kansa. In hakan ya yi wa ƙungiya wuya, to, a sa kafinta ya fara sassaƙa lambobin yabo goma sha biyu tun yanzu. Sai dai a roƙe shi ya yi su marasa nauyi.

Ubangiji ya albarkaci gonakinmu, ya tsare hannuwan da ke noma su, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.