Enoch Barraclough, Wanda Ya Riƙe Wasa Biyu a Fili Ɗaya

Mai girma magajin garin Calderwick, Rabaran Holroyd, shugaban kulob, 'yar'uwarmu Tabitha matar marigayi da 'ya'yansa, sai ku 'yan wasa, ina gaishe ku. Na ga 'yan ƙwallon ƙafa sun zauna dama, 'yan zari-ruga hagu, an bar hanya a tsakani kamar keken doki zai wuce. Ku yi haƙuri idan na kasa tsayawa wuri ɗaya, kwana uku ke nan hankalina bai kwanta ba.

Enoch ya kasance masaƙi kamar mu. Shekara ashirin da uku ke nan da ya tara mu a bayan masaƙa ya ce mu kafa kulob. Wasanmu na farko a waje, mu ashirin muka shiga jirgin ƙasa da ƙwallonmu mai siffar ƙwai, muka tarar da mutum goma sha ɗaya suna jiranmu da zagayayye. Wasiƙa huɗu aka yi musaya, babu wanda ya tambaya wane wasa za a yi. Kyaftin ɗinsu ya ce, "Kun kwaso rabin garinku, kokawa kuka zo?" Har na tuɓe kwat, Enoch ya riƙe ni ya ce, "Seth, mayar da rigarka kada mura ta kama ka. Rabin lokaci da ƙafa, rabi da hannu." Suka ci mu a nasu, muka ara musu mutane suka ci mu a namu. Ya yi ta dariya har gida.

Ya kasance tun daga ranar, wannan Asabar ya kafa dogayen sanduna, mai zuwa ya tuge ya kafa gajeru, duk a kafaɗarsa, har bayansa ya ranƙwafa. Ya kasance idan 'yan ƙafa suka kawo ƙara cewa 'yan hannu sun mayar da filin gonar dankali, sai ya ce, "To ku kawo iri mu shuka."

Kun san ranar Alhamis za a kaɗa ƙuri'a a kori 'yan zari-ruga, kun kuma san babu wani fili a garin nan sai wannan namu. Ni na rubuta takardar. Na jira sai da ya kwanta ciwo, domin ba zan iya haɗa ido da shi ba, kuma ina jin kunyar hakan. A dokarmu ba a janye takarda sai duka mutum biyun da suka sa hannu sun janye. Na soke nawa da safiyar yau.

Walter, ɗan aminina Enoch, ɗaya hannun da ke kan takardar naka ne. Mahaifinka ya sani. Mahaifiyarka ta faɗa mini jiya cewa ya karanta takardar a kan gadonsa, ya ce kada kowa ya yi maka faɗa, kai ma son filin ne ya sa. Ni ban isa in roƙe ka da abin da ya fi wannan ba.

Na gode da kuka saurare ni. Ubangiji ya ba Enoch hutawa, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya wayar mana da garin Juma'a muna kulob ɗaya.