Jinin Maidawa a Jikin Gado

JATAU: Alo? Alo, Talatu?

TALATU: Wa ke magana? Ɗaga murya, layin na ƙugi.

JATAU: Jatau ne, daga Maraɗi.

TALATU: A'a, Yaya! Ina wuni? Ina gajiya?

JATAU: Lahiya lau. Ya Yamai? Ya maigidan da yara?

TALATU: Duk lahiya. Muna nan zaune, yajin aikin malamai bai ƙare ba, lekol a rufe, yara ba karatu. Ya Inna? Ya mutanen Tsibiri?

JATAU: Inna lahiya, tana gaishe ki. Ƙafar ce dai.

TALATU: Allah ya sawwaƙe. Amma muryarka ta yi sanyi. Daga ina kake kira?

JATAU: Daga bakin asibiti.

TALATU: Asibiti? Inna ce? Yaya, kada ka ɓoye mini!

JATAU: Na ce miki Inna lahiya. Jini na bayar, shi ne jiri ke ɗan ɗibata.

TALATU: Jiki?

JATAU: Jini! Leda guda. Dattijo Gado ne mota ta buge a hanyar Jiratawa.

TALATU: Wane Gado?

JATAU: Gado nawa kika sani?

TALATU: Wanda ya ƙwace gonar ranin Baba? Wanda partinsu na cin zaɓe ya hau kujerar kwamitin gonaki, ya goge sunan babanmu Maidawa ya sa na surukinsa?

JATAU: Shi.

TALATU: Ranar Lahadi kuma ya tsaya gaban ikilisiya yana raba mana Jibin Ubangiji da wannan hannun! Shi ka ba jini?

JATAU: 'Ya'yansa biyu an gwada, nasu bai yi daidai ba. Matarsa ta zo har shagona a Sabon Gari, ba ko takalmi.

TALATU: Baba ma ba takalmi ya je ƙofarsa, sau uku. Ka manta? Ya dawo ya kwanta, bai sake tashi ba.

JATAU: Ni na wanke shi, Talatu. Ta yaya zan manta?

TALATU: To mi ya kai ka? Fasto ne ya matsa maka?

JATAU: Fasto bai ma sani ba. Saurara. Shekara uku ke nan, in ana Addu'ar Ubangiji aka iso wurin gafara, sai in yi tarin ƙarya har a wuce. Kowace Lahadi. Rannan 'yata Rahma ta ce, Baba, mi ya sa tarinka wuri ɗaya yake kama ka?

TALATU: Shi ke nan sai ka zama waliyyi.

JATAU: Ina! Jinin na sauka cikin leda, ni kuwa ina cewa a raina, Allah ya sa kada ya yi masa amfani. Sai na ji tsoron kaina. Na ce Ubangiji, hannun dai na miƙa, zuciyar ta ƙi, kai ka san yadda za ka yi da ita.

TALATU: Alo? Ka ce ta yi mi?

JATAU: Ta ƙi! Amma tun ɗazu ina jin kamar an ɗan sassauta mini igiya a ƙirji. Kaɗan dai.

TALATU: Ya farka?

JATAU: Ya farka.

TALATU: Ya roƙi gafara?

JATAU: Da ya gan ni, bango ya juya wa fuska.

TALATU: Gonar fa?

JATAU: Surukin ya dasa albasa bana.

TALATU: Ka gani! Inna na tallar ƙuli da ƙafa kumburarriya, kai kana can ana sassauta maka igiya. Ta sani?

JATAU: Shi ya sa na kira. Ina so ki taya ni faɗa mata in kin zo Kirsimeti. Mu yi addu'a tare, mu ukun.

TALATU: Ni? Ni ko coci na daina zuwa, in ba ka sani ba yau ka sani.

JATAU: Haba ƙanwata, tun yaushe? Bari in...

TALATU: Kada ka yi mini wa'azi. Da naka ne, da ka ba wanda ka ga dama. Amma jinin Baba ne, Yaya. Gado ya ci gonarsa, yau ka ɗura masa sauran.

JATAU: Talatu, tsaya ki ji. Alo? Alo, Talatu?