Allurar Mai a Rufe

Ranar Lahadi da safe, a gindin teburin mai shayi, bakin filin da ake tashin ƙananan jiragen rimot a bayan garin Lahore, wani mutum ya tsaya kan wani dattijo da ke fama da farfelar jirginsa.

"Babaji, fulogin na yin ja kuwa?"

"Jajawur. Batir ma sabo ne. Taurin kai ne kawai, irin na mai shi."

"Kawo in gani. Kai! Ai allurar mai, wadda ke sakar wa inji mai, a rufe take gam. Ta ina man zai shiga?"

"Rage murya, ɗana."

"Au, ashe ka sani?"

"Tun ba a haife ka ba nake tada inji. Idona ne ya gaza. Da jirgin ya wuce bishiyar can, ya ɓace min. In 'yata ta ji, ta hana ni fitowa. Amma in inji ya ƙi tashi, kowa sai ya tsaya ba ni shawara, mu sha shayi."

Mutumin ya sa hannu ya buɗe allurar.

"Riƙe rimot ɗin, Babaji. Hannu naka, ido nawa."

"In ya faɗo fa?"

"Sai mu ce injin ne."