Babban Yatsan Hadi Apapa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban Ƙungiyar 'Ya'yan Tsofaffin Sojoji ta Agege, malamanmu da iyayenmu, baƙinmu na Idi-Araba da na Ikorodu, 'yan uwana mata, da samarin da ke can baya suna latsa waya, ina ganinku, ku ajiye. Ni ce Furera 'yar Hadi. Na gode da aka ba ni minti biyar, kuma zan ci goma.

Magana ta farko. Kwamiti ya shirya allon sunayen iyayenmu da suka je yaƙin Burma, aka tsallake mahaifina, wai babu takarda. Shekara da shekaru unguwar nan tana kiransa Hadi Apapa, wai a bakin jirgin ruwa a tashar Apapa ya tsaya, ya ɗaga wa mutane hannu ya dawo gida. Ya sha gorin nan da ransa, ya rasu kuma mu muka gada.

Magana ta biyu. Baba ya bar wata 'yar takarda mai rubutun ajami a akwatinsa. Innarmu ba ta karatu, sai ta ce wannan laƙani ne ya tsare shi daga harsashi, ta kai wa baduku ya ɗinke a fata. Duk wanda zai yi tafiya a gidanmu da layar nan yake tafiya. Ni kaina da ita na shiga jarrabawar lissafi, kuma ba zan faɗa muku sakamakon ba. Ɗana Shamsu, da na yi na yi ya koma makaranta ya ƙi, ya rataye ta a madubin danfonsa, motar hayar da yake ja, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta, har fatar ta dare a hanyar Oyingbo. Ya shigo gida yana cewa, "Mama, ashe kuɗi muke ratayawa." Na ce, "Gyara bakinka, kakanka ne."

Gaskiya ya faɗa. Takardar kuɗi ce ta Japanawa, wadda ko a kasuwar Mile 12 ba za ta sayi albasa ɗaya ba. Sojoji ne suka sa mata hannu don tunawa da juna. Ga ta nan, a kalla da ido, kada a taɓa.

Na kai wa Malam Mahbub na Idi-Araba, ga shi zaune. Yana sa tabarau ya ce, "Hajiya, wannan rubutun babana ne, ko a duhu na san shi." Muka zauna kwana uku muna bin sunayen ɗaya ɗaya. Huɗu da ajami, biyu da boko, kuma duk shidan suna kan allonku. Ɗaya daga cikinsu, ranka ya daɗe shugaba, mahaifinka ne.

Na bakwai ba rubutu ba ne, dangwale ne na babban yatsa, da wani farin layi da ya ratsa shi. Duk wanda ya taɓa gaisawa da Baba ya san tabon nan. Mu ya gaya mana takobin wani Bajapane ya tare da hannu. Malam Mahbub ya duba abin da mahaifinsa ya rubuta a gefe, ya fara kame-kame. Na ce, "Malam, karanta, ni ba yarinya ba ce." Ya ce, "Hadi kuku, wanda gwangwanin nama ya yanka."

Ku gama dariyar, ina jira.

To. Ƙarya ba ta da kyau, kuma na sha yi wa 'ya'yana duka a kanta. Batun takobi tsakaninsa da Ubangijinsa ne, muna nema masa gafara. Amma gwangwanin nan a Burma aka buɗe shi, ba a Apapa ba, da shaidar mutum shida. Ku mata kun san abin da ake nufi da dafa wa maza shida abinci a cikin daji, da ɗanyen ice, ana harbi. Iyayenku sun dawo da ransu sun haife ku, kuma ba iska suka ci ba.

Don haka ina roƙon kwamiti, roƙon da ba zan maimaita ba, a rubuta sunansa. A sa Hadi Kuku, ba na jin kunya. Wanda ya sake cewa Apapa, ya san ƙofar gidana, ni ma na san tasa.

Allah ya jiƙan iyayenmu, masu bindiga da masu ludayi. Allah ya shirya mana 'ya'yanmu, har da Shamsu. Allah ya mai da kowa gida lafiya, ba da laya ba. Na gode.