Layin da Ruwa Ya Bari a Bango

A wani shagon fenti a unguwar Romi, bayan ambaliya, wata tsohuwa ta tsaya ciniki.

Mai shago ya ce, "Mama, galan ɗaya ba zai rufe tabon ruwa ba. Ɗauki biyu."

"Wa ya ce zan rufe, ɗana? Layin nan barinsa zan yi."

"Layin laka? Baƙi su gani?"

"Su gani mana! Ruwa ya kwashe awaki da katanga, kamar zamanin Nuhu. Ya kawo mini har haɓa, jikata tana bisa wuyana. Sai ya tsaya cak! Wanda ya tsawata masa, sa hannunsa ke nan a bangona. In shafe?"

Mai shago ya mayar da galan ɗaya.

"Mama, ina ne gidan? Zan zo in gani."