Hannun Ƙarshe a Kan Rufe Gadar Tafki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugabar wannan zama, kuma shugabar Ƙungiyar Masu Kula da Tafki; iyayena 'yan kwamitin gudanarwa; wakilin hukumar gari da ya amsa gayyatarmu; malaman makaranta da suka zo da ɗalibansu; masu aikin sa kai da ke share mana hanya suna tsince leda a bakin ruwa; iyaye mata da iyaye maza, yayye da ƙanne, da waɗanda ba su sami kujera ba suna tsaye a bakin taga: ina yi muku barka da zuwa, ina yi muku sannu da haƙurin zama.

Ina gode wa hukumar makarantar nan da ta ara mana wannan ɗaki. Ina gode wa waɗanda suka jera kujeru tun da safe, da wanda ya yi ta fama da lasifikar nan har ta yarda ta yi magana. Idan muryata ta yi ƙasa, na baya ku ɗaga min hannu. Ban saba ba.

An tsayar da ni a gabanku ne don in sanar da ku shawarar da kwamiti ya yanke, kuma in faɗi dalili. Shawarar ita ce: za a rufe gadar katako da ke shiga tsibirin tafki, ba shiga ba ɗaukar hoto, daga yanzu har tsuntsayen da ke kwanci a can su ƙyanƙyashe, 'ya'yansu su iya tashi. Bisa tsarin ƙungiya, wannan taro yana da ikon ya amince, yana da ikon ya soke. Idan na gama, za a ɗaga hannu.

Abu na farko: me ya sa ni ce ke magana, ga manya zaune?

Mu bakwai ne a kwamiti, kuma babu wanda ake biya a cikinmu. Shugaba tsohuwar nas ce. Akwai Baba Direba, wanda ya ja motar haya har idonsa ya ce ya isa. Akwai Malam, akwai Mai Kemis, akwai Likitar dabbobi, akwai Mai Hoto da shagonsa ke kallon ƙofar tafki. Sai kujerar matasa, wadda ta daɗe babu kowa a kanta. Ni dai ina zuwa tafkin ne in zauna a bencin ƙarshe in karanta littattafan soyayya, domin a gida akwai hayaniya. Wata rana Shugaba ta tsaya a kaina ta ce, "Ke kin fi mai gadi zama a nan. Zo ki cike mana kujera, ba abin da za ki yi sai zama." Na kasa cewa a'a, saboda ban iya cewa a'a ga babba ba.

Muna zama a ɗakin ajiyar kayan aiki, tsakanin manjagara da buhunan shara, a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke tsaye da taimakon bulo. Kwamitin yana da ƙa'idoji biyu da ya gada. Ta farko, idan za a yanke shawara, babba ne ke fara faɗin ra'ayinsa, a bi da shekaru har a sauko kan ƙarami. Ta biyu, wanda hannunsa ya raba gardama, shi zai fito ya gaya wa jama'a da bakinsa, don kada kowa ya ɓuya a bayan kalmar “kwamiti”. Kullum kafin magana ta gangaro kaina an riga an gama ta. Baba Direba yakan ce, “'Yar Littafi, sa mana albarka mu tashi,” ni kuma in ce na yarda. A wannan karon magana ta iso ni uku da uku.

Abu na biyu: me ke faruwa a kan gadar?

Da yawa a cikinku kun san hoton da ke manne a gilashin shagon Mai Hoto. Amarya a tsakiyar gada, mayafinta ya tashi da iska, ango yana riƙe da yatsunta, a bayansu kuma sama ta cika da fararen fukafukai. Hoto ne mai kyau, kuma ba wanda zai ce ba haka ba. Ni kaina nakan rage tafiya idan na zo wucewa ta wurin. A ranar da aka ɗauke shi, wani abu ne ya firgita tsuntsayen, suka tashi da kansu. Amma tun da aka manna shi, duk masu shirin aure da suka zo, irinsa suke so. Tsuntsu kuwa ba ya tashi don an ce masa ya tashi. Saboda haka sai aka koyi tafi. A jera amarya da ango, a gyara mayafi, sannan ƙawaye da abokai su haɗa hannu su tafa gaba ɗaya. Idan amarya ta ƙifta ido, a jira tsuntsayen su sauka, a sake tafawa. Idan ango bai yi murmushi ba, a sake.

A yawancin shekara, abin da wannan ke jawowa bai wuce gajiyar fiffike ba. Amma yanzu lokacin kwanci ne. Zalɓe da balbela sun yi sheƙa a bishiyoyin tsibirin, agwagin ruwa sun yi tasu a cikin dogayen ciyayi, kusa da gadar har mutum zai iya hango ƙwan idan ya leƙa. Duk sanda uwa ta tashi, ƙwai yana nan a buɗe, rana tana dukansa, hankaki kuma suna jira a kan turken lantarki. Likita ta ce hankakin tafkin nan sun gane tafi: da sun ji shi, su ke fara saukowa. Na gani da idona daga bencina. Ina kallon wata amarya mai doguwar riga ruwan zuma, ina cewa a raina ga shafin ƙarshe na littafi ya fito fili, sai na ga hankaka ya wuce ta saman kansu da ƙwai a baki. A hoton bai fito ba.

Abu na uku: abin da kowane ɓangare ya faɗa, domin ba daidai ba ne in kawo muku rabin magana.

Shugaba da Malam da Likita sun ce a rufe. Likita ta ce sheƙunan da ke kusa da gada a bana yawancinsu fanko ne, kuma tsuntsun da aka hana shi kwanci sau da yawa yakan bar wuri, ba ya dawowa.

Mai Hoto da Mai Kemis da Baba Direba sun ce a bari a buɗe. Mai Hoto ya ce, kuma gaskiya ya faɗa, abin da masu ɗaukar hoto ke bayarwa a ƙofa shi ke saya mana katako da ƙusa, kuma lokacin kwanci ya faɗo daidai lokacin da aka fi yin aure. Ya ce shi ya daina sa a tafa, amma ba shi kaɗai ke da kyamara a garin nan ba. An gwada kafa allo mai cewa a yi shiru. Wasu ma jikin allon suke jingina a ɗauke su. Baba Direba kuwa cewa ya yi, “Ni da aka yi aurena ko hoto ɗaya babu, ga jikoki nan har na rasa sunan wasu. Ba hoto nake karewa ba. Amma wurin da ka kulle wa mutane, gobe idan aka zo cike shi da ƙasa a yi wurin ajiye motoci, wa zai fito ya tsaya maka?” Wannan magana ta zauna min a rai, har yanzu ba ta tashi ba.

Sai kowa a ɗakin ya juyo gare ni. Baba Direba ya ce, “To, 'Yar Littafi, yau albarkar taki da nauyi.” Na ce a rufe.

Ba ni da wani ilimi da ya wuce nasu. Abin da na duba kawai shi ne, wanda aka hana hoto a bana yana da inda zai je, ko ya jira, ko ya tsaya a bakin ruwa ta gefen benci. Ƙwan da aka ɗauke ba shi da inda zai je. Littattafan da nake karantawa kusan duka suna da bakin ruwa, suna da gada, suna da tsuntsaye masu tashi a daidai lokacin da ya kamata. Ban taɓa karanta wanda ya faɗi abin da tsuntsayen suka bari a ƙasa ba. Har yanzu ina karanta su, kuma ina son su.

Abu na huɗu: akwai maganar da ke yawo, gara ku ji ta daga bakina.

Gaskiya ne Yayata tana cikin waɗanda suka kama rana a gadar, kuma bikinta zai zo ya wuce kafin a buɗe. Gaskiya ne kuma ni na zaɓa mata wurin. Ni na nuna mata inda za ta tsaya, da gefen da rana ke faɗowa da yamma, kuma ni aka ba aikin riƙe bakin mayafi in sake shi idan Mai Hoto ya ƙirga. Mun yi ta gwadawa a tsakar gida da zanen gado, Umma tana cewa za mu yage mata shi.

Da na koma gida na faɗa, Yaya ta dube ni ta ce, “Ke da bakinki kika ce gadar nan don ni aka yi ta.” Na ce haka ne. Ta ce, “Uku da uku, kuma ke ce ta bakwai?” Na ce haka ne. Ta ce, “To, Allah ya ba ki ladan tsuntsu.” Tun daga ranar, ɗaki ɗaya muke kwana amma ta hannun Umma muke magana. “Umma, ki ce wa 'yar kwamiti ta kwashe littattafanta daga kan gadona.” Aikin mayafi kuma an ba 'yar Goggo, duk inda za a yi hoton. Angon Yaya ya ce shi ko a gaban gareji aka ɗauke su ya gode, wannan kuma bai taimaki kowa ba.

Ban kawo wannan don a tausaya min ba, ban kuma kawo shi don a ga laifin Yaya ba. An yi mata alkawari, an karya, kuma tana da gaskiyar jin haushi. Na kawo shi ne saboda na ji ana cewa 'yan kwamiti sun rufe gada don ba su da abin da za su rasa. Mai Hoto zai rasa aikin da ya fi kawo masa ciniki, kuma duk da bai goyi bayan shawarar ba, shi ya sayo kwaɗon da za a sa. Shugaba ta sha zagi a waya har ta koma kashe ta idan za ta ci abinci. Waɗannan mutane suna barin shagunansu da jikokinsu su zo su zauna kusa da buhun shara, su yi gardama a kan ƙwan da ba nasu ba. Suna iya yin kuskure. Idan kun ga kuskure ne, hannuwanku sun fi namu yawa, ku soke.

Amma ina roƙonku, duk yadda kuka yanke, kada ku yanke ku tafi. Idan an rufe, muna bukatar masu tsayuwa a ƙofa ranakun hutu, masu iya ba amarya haƙuri da fuska a sake, su raka ta gefen benci. Idan an buɗe, muna bukatar masu tsayuwa a kan gadar kanta su hana tafi, kuma wannan ya fi wuya, domin hana mutum tafi a ranar farin cikinsa ba ƙaramin aiki ba ne. Wa'adin mutum biyu a kwamiti ya kusa cika. Wanda ya ji haushinmu a yau, shi muka fi bukata a kan teburin nan.

Saura roƙo ɗaya, kuma ga Shugaba nake yin sa. Idan an zo ɗaga hannu, a ba ni izini in juya in fuskanci allo har a gama ƙirga. Akwai maƙwabtanmu a nan, akwai malamaina, akwai 'yan gidanmu a layin baya. Ba na so wani ya ɗaga hannu don ina kallonsa, ko ya fasa don ina kallonsa. Ni ma ba na so in san hannun wa ya tashi a ina. A faɗa min adadi kawai, in koma gida in zauna cin abinci da kowa.

Allah ya saka wa duk wanda ya taka ƙafa ya zo da alheri. Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da haƙuri da mu. Allah ya ba wannan taro ikon zaɓar abin da ya fi, ko da ba shi na zaɓa ba. Allah ya raya abin da ke cikin ƙwai, ya raya abin da ke cikin gidajenmu. Masu shirin aure a bana, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, Allah ya sanya albarka, ya ba da zaman lafiya, ya sa hotonsu ya yi kyau a duk inda suka tsaya. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.